Ai Malam Ne Ya Koya Mana

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Baban Ummi ya dawo da rana tsaka yau. Mutumin da ke fita tun gari bai gama wayewa ba ya kama jirgin metro zuwa wurin aikinsu a Jebel Ali, ba na sake ganin ƙeyarsa sai bayan magariba, shi ne na ji makulli a ƙofa ina tsaka da ninke abayoyin da zan aika Kano. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya zauna bakin gado da takalmi a ƙafarsa. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau. Duk ranar da ya ce min lafiya lau da wannan muryar, to na san akwai magana.

Sai da na ajiye masa ruwa sannan ya ce wani kamfani ya kai ƙarar nasu a Turai, a kan fatent ɗin nan. Fatent dai ita ce takardar da ta ce abin da ya ƙirƙiro mallakar kamfaninsu ne, ba mai yin irinsa sai da izini. Na daɗe ina shan labarin baƙin garin nan nasa: ɓawon gyaɗa ake jiƙawa da kanwa a ƙone shi, a shafa a jikin farantin da ke cikin batir don ya riƙe wuta. Ni na wanke rigunan da garin ya baƙanta, saboda haka ina da haƙƙi a ciki ko da ba a sa sunana ba.

Masu ƙarar ba cewa suka yi ya sata ba. Cewa suka yi abin a fili yake, duk wanda ya karanci harkar zai iya hango shi, don haka bai cancanci takarda ba. Na yi dariya na ce to su me ya hana su hangowa? Shi bai yi dariya ba.

Da Ummi ta dawo daga makaranta na duba idonta ko ya yi rawaya, alamar ciwonta zai tashi. Fari ne.

Laraba, 8 ga Oktoba, da hantsi

Jiya na matsa masa sai da ya faɗa min gaskiya. Kamfaninsu ba wani babba ba ne, ɗakin gwaji ɗaya ne da wurin ajiya, kuma duk masu zuba jarin saboda takardar nan suka shigo. In aka soke ta za su janye. In suka janye babu aiki, in babu aiki babu biza, babu katin inshora.

Ni da shi mun san inda zancen zai ƙare. Ummi tana da sikila. Tun da aka yi mata hoton kai likita ya ce jijiyoyin ƙwaƙwalwarta sun matse, duk wata ake yi mata canjin jini, kuma ya ja mana kunne kada a tsallake ko sau ɗaya. Shuɗin katin nan da ke cikin jakata shi ke buɗe mana ƙofar asibitin. Abayoyin da nake saye a kasuwar Naif ina aika wa mata ko kusa ba za su riƙe mu ba.

Ya ce, "Ko an koma gida ai akwai asibiti, Murja."

Na dube shi, ya sunkuyar da kai. Mun taɓa gwada na gida, ni da shi. Ba zan rubuta wannan ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Fari ne.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Ashe bidiyon walimar nan ne.

Bara da takardar ta fito, Alhaji Halliru mai kago, wanda nake aika kaya ta hannunsa, ya tara 'yan kasuwarmu a wani gidan abinci a unguwar Al Ras, wai ɗan gida ya ciri tuta, dole a yi murna. Aka ci mandi, shinkafa da naman Larabawa, aka yi ta zuba yabo, Alhaji ya ce ko Turawa sun sara masa. Ina daga ɓangaren mata ina hango Baban Ummi yana ta sharce zufa, don ba abin da ya tsana irin a yabe shi a gaban mutane. Da aka miƙa masa abin magana sai ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi. Ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, kowa ma zai iya, matanmu na gida sun fi shi sanin aikin kanwa. Ya ce shi dai tattarawa kawai ya yi, duk abin da ke ciki malaminsu ne ya koya musu a aji tun suna jami'a, Malam Ɗalhatu na Samaru.

Aka yi kabbara. Ni har da 'yar ƙwallata, don Malam Ɗalhatu mahaifina ne, kuma na ji daɗi da mijina ya tuna da shi a bainar jama'a.

Alhaji Halliru ya sa bidiyon a intanet don mutanen gida su gani. Masu ƙarar sun samo shi, sun sa an fassara musu kalma-kalma. Yanzu ga hujjarsu: mai ƙirƙirar da bakinsa ya ce kowa zai iya, kuma an daɗe ana koyar da abin a aji.

Na ce, "To ka gaya musu haka ake magana a wurinmu mana! Wa zai miƙe a gaban manya ya ce ni ne, ni na yi? Ai sai baki ya kama mutum."

Ya ce lauyar kamfaninsu, wata 'yar Labanan mai magana kamar ana korarta, ta tambaye shi ko ƙarya ya yi a bidiyon, ya ce a'a. Ta ce to gaskiya ce ke nan? Ya ce a'a. Wai sai ta cire tabaranta ta dafe kai.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Na kai kaya ofishin Alhaji Halliru. Yana ganina ya miƙe daga bayan kwalayensa.

"Hajiya Murja, khalas, an gama, na goge shi! Tun jiya na goge. Wallahi alheri na nufa, inshallah ba abin da zai faru, shwaiya-shwaiya, a hankali za a warware."

Na ce na gode, Alhaji. Da na buɗe baki fiye da haka da ban san abin da zai fito ba. Ya goge, bayan mutanen sun ajiye nasu a Turai. Kuma abin haushin, gaskiyarsa ce, alheri ya nufa. Duk wanda ke cikin maganar nan alheri ya nufa, shi ya sa na rasa wanda zan sauke fushina a kansa.

A abra, kwale-kwalen da muke tsallaka ruwa da shi, na ƙanƙame jakata, har wata Bahindiya ta matsa min wuri, ta zaci tsoron jirgin nake.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Ranar kiran Baba. Ban gaya masa komai ba.

Muryarsa garau, rabon da in ji ta haka tun kafin rasuwar Inna. Tun da ya yi ritaya ba mai leƙa shi sai mai kawo masa jarida, amma daga fitowar bidiyon nan gidan ya sake cika. Tsofaffin ɗalibansa sun ce za su karrama shi a watan Disamba, har ya kai ɗinkin babbar riga. Ya ce a masallacin unguwa yanzu "mai batir" ake ce masa.

"Mijinki ɗan halak ne, Murjanatu. Yaran yanzu in sun samu wa suke tunawa? Ba ni amaryata in ji ko ta yi min girki."

Ummi ta karɓi wayar tana ce masa ita ba ta auren mai furfura. Na shiga kicin na tsaya gaban tukunyar da ba komai a ciki.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan magariba

Mun yi faɗa. Ba mu saba ba, don haka ba mu iya ba.

Yana cin abinci ya ce lauyar ta yi masa wata tambaya yau: shin akwai wani masani da ya taɓa ce masa abin ba zai yiwu ba? Ta ce in da akwai, magana ta ƙare, domin abin da gwanin harka ya ce ba zai yiwu ba, ba wanda zai ce a fili yake. Na ce to me ka ce mata? Ya ce ya ce mata bai tuna ba.

Bai tuna ba! Ni na tuna, don ni na shigar da abincin ranar. Kafin aurenmu ne, a falon Baba. Ya zo da wata 'yar kwalba cike da baƙin gari, ya durƙusa gefen tabarma yana bayani, wai yana ganin in ba a wanke kanwar duka ba, aka bar kaɗan a jiki, farantin zai fi riƙe wuta. Baba ya yi dariya har hularsa ta goce. Ya ce, "Kanwa a cikin batir? Salmanu, batir za ka yi ko wake za ka dafa? Je ka wanke ta tas, ko ka zubar. Tun kafin a haife ka nake koyar da haka." Daga ranar har aka ɗaura mana aure "mai dafa wake" yake kiransa.

Bai yi musu ba, bai kuma wanke ba. Wannan 'yar kanwar da ya bari ita ce fatent ɗin gaba ɗaya.

Na ce, "Baban Ummi, ka tuna sarai."

Ya ajiye cokali. "So kike in miƙe a gaban duniya in ce Malam bai sani ba? Malamina? Surukina? Mutumin da ya ɗauko ni daga ba komai, ya ba ni karatu, ya ba ni ke?"

Na ce, "Ita kuma fa?" Na nuna ƙofar ɗakin Ummi.

Ya ce Allah na nan. Na ce na sani, wancan karon ma yana nan. Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Na yi istigfari, shi kuma ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci tun ba a kira isha'i ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da yamma

An sa ranar zama, huɗu ga watan gobe. Ta bidiyo za a yi, daga ofishin lauyar.

Ta ba shi abin da zai riƙa gwadawa a gida, wai ya saba da faɗa: ni na gano shi, ba wanda ya koya min. Na ce zo mu gwada, ni ce lauyan masu ƙara. Na riƙe ludayi na sha mur na ce, "Malam Salmanu, wa ya ƙirƙiro wannan abu?"

Ya gyara zama. "To, cikin ikon Allah, da albarkar iyaye da malamai..."

Na ce sake. Ya sake, ya ce, "Ni ne, amma dai..." Na ce ba amma. Ya sake, sai ga "ɗan abin da aka samu" ya shigo. Ummi tana gefe tana ta ƙyalƙyala dariya, ta zaci wasa muke. Ni ma na yi dariyar, har na ji ta tana juyewa zuwa wani abu, na ajiye ludayin.

Wannan halin nasa shi na gani na aure shi. Yau shi nake tsoro.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Fari ne. Na sake dubawa a bakin taga, ta ce Mama kin ishe ni.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan azahar

Na kira Baba kamar kowace Lahadi.

Baba ya ce wasu Turawa sun kira shi, masu ladabi ƙwarai, Farfesa sama Farfesa ƙasa. Sun ce sun ga bidiyon, suna so ya bayyana gaban wani kwamiti ya tabbatar da abin da ɗalibinsa ya faɗa, cewa shi ya koyar da abin a aji. Za su turo wanda zai haɗa masa na'ura a falo. Ya amsa musu.

"Kin ga har Turai an san da mu. Ai tunda yaron ya faɗa, ba zan ƙaryata shi ba."

Na ce, "Baba, wace rana suka ce?"

Ya ce huɗu ga wata.

Bai san su waye ba. Yana ganin taimakon mijina zai yi. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko an fara cire gyaɗa.

Da na gaya wa Baban Ummi sai ya ce, "Kada ki ce masa komai." Na ce to.

Litinin, 20 ga Oktoba, da hantsi, a asibiti

Ba fari ba ne yau.

Ta tashi tana riƙe da gwiwa, ba ta kuka, don ta san kukanta na firgita ni. Ƙanƙanuwar yarinya ta koyi ɓoye min ciwo. Mun zo a tasi, na miƙa katin, matar ta goga shi a na'ura, aka buɗe ƙofa. Kafin in gama bayani an sa mata ruwa da allurar ciwo. Haka kawai, ba wanda ya ce a je a nemo jini, ba wanda ya ce likita ya tafi gida.

Na tsaya ina kallon katin a hannuna. Kwanan ƙarewarsa na jiki, amma na san ba wannan ne kwanan gaskiya ba.

Talata, 21 ga Oktoba, da safe

Ta ɗan yi barci. Irin kwanciyar wanda muka rasa take yi, hannu ƙarƙashin kunci.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan la'asar

An sallame mu. Hamidatu maƙwabciyata, 'yar Kumasi da ke aiki a wurin gyaran gashi, ta shigo da waakye, shinkafa da waken ƙasarsu, ta ce sai na ci a gabanta. Ban san yadda aka yi ba na kwashe komai na faɗa mata.

Ta saurara har ƙarshe tana taunar cingam. Ta ce, "Ei, Maman Ummi, ku mutanen Najeriya da kunya paa. Mijinki suruki ne, bakinsa a ɗaure, na yarda. Ke fa? Ke ma suruka ce? Ubanki ne fa."

Na ce ba ta san Baba ba, ba ta san abin da wannan karramawar take a wurinsa ba.

Ta ce, "Ban san shi ba. Amma na san wannan." Ta nuna Ummi da ke kwance kan kujera. "Tsoho zai ji kunya, ya ci tuwo, ya kwanta. Kunya ba ta kai kowa asibiti."

Na ji haushinta sosai. Har ta tafi ban raka ta ƙofa ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da yamma

Na kira Baba. Mun yi maganar ɗinkin rigarsa, wai telan ya yi mata aiki har baya. Na kashe.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe

Da saura, amma ya fara washewa.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Na faɗa.

Na jira Baban Ummi ya fita da yarinyar shan iska bakin ruwa. Na zauna a ƙasa, don ko ta waya ba na iya yi wa Baba magana ina kan kujera. Na gaya masa su waye Turawan, da abin da suke nema, da abin da zai biyo baya in sun samu. Na gaya masa inda muka kwana ranar Litinin. Sannan na ce, "Baba, ka tuna ranar da ya zo da kwalba? Ranar mai dafa wake?"

Ina jin kukan akuyar maƙwabta ta cikin wayar.

Ya ce, "Shi ya sa ki?"

Na ce, "A'a, Baba. Hana ni ma ya yi."

"Wato ƙarya ya yi a gaban mutane."

"Kara ya yi maka, Baba."

Na duba wayar ko layin ya yanke. Na ce Baba? Ya ce, "Na ji. Allah ya yi miki albarka." Ya kashe, bai nemi amaryarsa ba.

Tun da nake ban taɓa tuna wa mahaifina kuskurensa ba. Ina jin kamar na ɗaga hannu na mare shi.

Litinin, 27 ga Oktoba, da yamma

Bai ɗauka ba.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Bai ɗauka ba. Na kira matar yayana, ta ce lafiyarsa ƙalau, ya dai daina zama a ƙofar gida bayan la'asar.

Na gaya wa Baban Ummi abin da na yi. Na shirya wa faɗa, bai yi ba. Ya ce, "Da wane ido zan sake kallonsa?" Ya shiga wanka ya daɗe, ruwa na ta zuba.

Ban san abin da Baba zai ce ba. Yana da zuciya, na sani, a wurinsa na gado. Zai iya cewa tunda an ce shi ya koyar, to shi ya koyar. Zai iya ƙin fitowa gaba ɗaya, a bar mu da bidiyon da mutumin da ba ya iya cewa "ni ne".

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan azahar

An yi canjin jinin wannan watan. Leɓenta ya dawo ja, ta ci shawarma guda har tana neman ƙari.

Za mu fito nas ɗin ta ce in zaɓi ranar wata mai zuwa, safe ko yamma. Na tsaya kamar ban ji Turanci ba. Ummi ce ta ce safe, don ta tsallake darasin lissafi. Matar ta rubuta.

Da muka dawo na tarar ya sauko da manyan akwatunan daga saman kabad, wai ƙura yake gogewa. Na ce mayar da su. Ya mayar.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Fari ne. Ina ma a ce wannan ya isa.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan magariba

Na goge masa farar shadda, ya ce kwat lauyar ta ce. Na goge kwat ɗin. Ta yarda in zauna a gefe muddin ba zan yi magana ba. Hamidatu za ta ɗauko Ummi daga makaranta, mun shirya.

Bai ɗauka ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan isha'i

Bari in rubuta tun ban manta ba, ko da yake ba na jin zan manta.

Ɗaki ne mai sanyi a hawa na sama, da babban allo a bango. Mutum uku na kwamitin a wani akwati a jikin allon, lauyan masu ƙara a wani, wani dogo mai murmushi. Suka yi ta magana a kan zafin wuta da awon kanwa, ban fahimci rabi ba. Aka saka bidiyon walimar, ga Alhaji Halliru yana kabbara, ga fassara na gudu a ƙasa. Ban taɓa jin maganar mutunci ta zama abin tsoro haka ba. Baban Ummi ya runtse ido.

Sai aka buɗe wani akwatin, ga falonmu na Samaru, ga agogon Inna a bango. Baba na zaune cikin sabuwar babbar rigar, wadda aka ɗinka don Disamba. Ya rame.

Dogon ya gaishe shi da Farfesa, ya ce ya ji abin da ɗalibinsa ya faɗa, shin ya koyar da amfani da kanwa a aji? Baba ya ce ƙwarai, shekara da shekaru. Na ga lauyarmu ta ajiye biro. Dogon ya faɗaɗa murmushi, ya ce ya gode, ba shi da sauran tambaya.

Baba ya ce, "Ban gama ba."

Da Turancinsa na malaman da ya yi maganar, a hankali, kamar yana gaban allo. Ya ce abin da ya koyar shi ne a wanke kanwar tas, domin ragowarta tana kashe batir. Haka aka koya masa, haka ya koya wa duk wanda ya bi ta ajinsa. Ya ce wannan yaron ya zo masa har gida da shawarar a bar kaɗan, shi kuma ya yi masa dariya a gaban 'yarsa, ya ce masa wake zai dafa. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ta tambaya, wake? Baba ya ce e, wake, haka matanmu ke dafa shi. Ya ce, "Da ya bi abin da na koya masa, da yau ba ku da abin da za ku zauna a kai. Ni na yi kuskure, shi ya gano. Abin da kuka gani a bidiyo ladabi ne, haka yaranmu ke magana in babba na raye."

Dogon ya yi ta juya tambaya, Baba bai gusa ba.

Sai shugaban kwamitin ya juyo ga Baban Ummi ya ce, haka aka yi? Ya dubi allon, Baba ya dube shi. Baba ya ce da Hausa, "Faɗi mana, Salmanu." Shugaban ya ce a yi Turanci don Allah.

Ya ce, "Haka aka yi." Hawaye na bin kwat ɗin da na goge.

Suka kashe na'urarsu suka yi shawara, muka zauna muna jira. Da suka dawo suka ce takardar ta tsaya, sai dai an rage mata wasu sassa. Lauyar ta rungume ni tana cewa mabruk, wato barka. Na duba allon, akwatin Samaru ya riga ya yi baƙi.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da safe

Na tashi da faɗuwar gaba kamar kullum, sai da na zauna na tuna cewa an gama. Jikina bai yarda ba tukuna.

Matar yayana ta ce Baba ya aika wa tsofaffin ɗaliban cewa a fasa taron Disamba. Rigar kuma ya ba limamin unguwa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Ya ɗauka.

Na zauna a ƙasa, na gaishe shi, na fara godiya. Ya katse ni.

"Bar godiyar nan, Murjanatu. Tun ranar da na ga bidiyon na san ban koya masa ba. Daɗi na ji, na yi shiru. Tsufa ke nan."

Na ce ya yafe min abin da na faɗa masa. Ya ce ba abin yafewa, amma in gaya wa mai dafa wake ya kira shi, ya daina ɓuya kamar wanda ya ci amana. Na yi 'yar dariya. Na ce, "Baba, na yi zaton ka yi fushi ba za ka faɗa ba."

Ya ce fushi kam ya yi, har ranar zaman da safe bai san abin da zai ce ba.

"Sai na tuna ni na karɓi Sulaiman daga hannun mai wanka. Mijinki ya kasa, ni na sa shi a rami da hannuna. Ba ni da ƙarfin sake wani, Murjanatu. Ba ni amaryata."

Na miƙa mata wayar. Tana can tana ce masa sai ya rina gemu tukuna za ta duba maganarsa.

Tun ranar da aka fita da shi daga gidan ba wanda ya sake kiran sunansa a gabana, ni ma ban kira ba, ɗana ne na fari, ko yana raye ba na faɗa. Da yanzu ya shiga sakandare.

Sulaiman.

Canjin jinin Ummi ranar ashirin da bakwai ne, da safe. Na sa katin a jaka.